Waiwaye Kan Tarihin Ilmin Duwatsu da Ma'adinai a Nijeriya

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa ilmin duwatsu da ma'adinai, wato jiyoloji, ya daɗe yana yi wa mulkin mallaka hidima kafin ya zama fannin digiri. Turawa sun fara binciken ma'adinai a Kudu a 1903, a Arewa kuma a 1904. An gano kwal a Udi a 1909, sannan aka kafa Hukumar Binciken Ƙasa a 1919 ƙarƙashin J. D. Falconer. Sai bayan gano man fetur a Oloibiri a 1956 Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta buɗe sashen wannan fanni, sauran jami'o'i suka bi sahu.

Amma tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwen Kano ke narka kuza, ana kuma fitar da ƙarfe daga tama. Manhajar jami'a ba ta gaji wannan sani ba, domin da Ingilishi zalla aka gina ta. Shi ya sa ɗalibi kan kammala digiri bai iya yi wa mai haƙar rijiya bayanin marmara da harshensa ba. Wajibi ne masana harsuna su tattara irin waɗannan kalmomi tun masu su na raye.