Daga gidan tuter zuwa ambasad: inda 'ya'yanmu ke kwana in sun tafi jami'a

Kowace shekara, da zarar sakamakon bak ya fito, gaisuwar barka ce ke cika mana waya. Bayan 'yan makonni sai kiran ya canza launi: uba na tambaya ko mun san wani a Tahoua, uwa na cigiyar gidan mutunci a Yamai inda za ta ajiye ɗiyarta. Takardar shiga jami'a ta samu, wurin shimfiɗa tabarma ne babu. Wannan matsala ta girme mu, shi ya sa munka ce bari yau mu bi sawunta.

A zamanin Faransa, yaran da anka ɗauka zuwa lakkol ba su da yawa, kuma wanda ya yi nisa gwamnati ce ke ɗaukar kwanansa da cinsa. Masu ƙwazo har Senegal ake kai su, makarantar William Ponty, inda su Diori Hamani da Boubou Hama sunka yi karatu. Bayan samun 'yanci a 1960 ma ƙasar ba ta da jami'a, sai Dakar, Abidjan ko Faransa. A 1971 anka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973, a 1992 anka sa mata sunan Abdou Moumouni. An gina ta ƙetaren kogi, Harobanda, bayan gadar Kennedy, da ɗakunan kwana da gidan abinci. Ɗan Madaoua ya yi tafiyar da ta haura kilomita 500, amma in ya isa akwai gado, akwai burs.

Sai kuɗin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnati ta shiga tsuke baki. Ɗalibai na ƙaruwa, ɗakuna na nan yadda suke. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai sunka fito zanga-zanga, anka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku sunka rasu. A Janairun 1994 kuma anka karya darajar sefa da rabi, burs ɗin da ke zuwa a makare ya ƙara zama ba komai ba. Ɗakin da anka gina don mutum biyu ya koma ɗaukar duk wanda mai ɗakin ya ji kunyar korarsa: ɗan garinsu, ƙanen abokinsa, wanda sunka yi lise tare.

Nan ne abin da muke son a lura da shi yake. Inda gwamnati ta janye hannu, tsohuwar al'adarmu ta masauki ce ta tare giɓin. Mu Adarawa ba yau munka fara tafiya ba. Kakanninmu da sunka yi fatauci, da iyayenmu da ke zuwa bida Abidjan, Kano ko Legas, ba su sauka otal. Kowa na da mai masaukinsa, ɗan gari da ya riga shi zuwa, wanda zai ba shi zaure, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa in wata rigima ta taso. 'Yan lakkol sunka gaji wannan tsari tun daga kolej: yaron ƙauye ya ci jarabawa, a kai shi Bouza ko Keita, a damƙa shi hannun wani malamin makaranta ko ɗan kasuwa, wanda ake kira tuter. Uba ya kawo buhun hatsi bayan kaka, shi ke nan an ƙulla. Da yawanmu haka munka yi karatu, muna ɗebo ruwa, muna aike, muna bitar darasi ƙarƙashin fitilar titi. Akwai tuter da ya riƙe ɗan wani fiye da nasa, Allah ya saka musu. Akwai kuma gidan da yaro ya zama bara, kuma ba ya iya faɗa wa kowa don kada a ce ya raina alheri.

A Yamai al'adar ta sake kama, ta haifi abin da ɗalibai ke kira ambasad. Sunan ma abin dariya ne, amma ya dace: gida ne na haya da 'yan gari ɗaya ko yanki ɗaya ke tarewa ciki, kamar ofishin jakadancinsu a babban birni. Sabon ɗalibi ya sauka tasha da jakarsa, manyansa su tarbe shi, su kai shi, su nuna masa inda ake rajista. Kuɗin haya wani lokaci karo-karo ne, wani lokaci wani attajirin garin ko ɗan siyasa ne ke biya. To, a nan gizo ke saƙa. Gidan da ɗan siyasa ke biya, ranar da ya faɗi zaɓe ko ya ji yaran ba su tare da shi, mai gida zai fara zarya yana neman kuɗinsa. Kuma unguwannin da haya ke da sauƙi a Harobanda su ne na bakin ruwa. A daminar 2020, da kogi ya yi ambaliya ya ci Lamordé da Karadjé, ɗalibai na cikin waɗanda sunka kwashe takardunsu a ka.

Da anka buɗe IUT a Tahoua a 2008, sannan anka kafa jami'o'in Tahoua, Maradi da Zinder a 2010, mun yi murna ƙwarai, kuma murnar na da dalili. Jami'ar Tahoua yau tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar. Ɗan Keita zai iya zuwa gida ranar Juma'a ya dawo da gari da ƙuli-ƙuli. Sai dai hanya ce ta gajarce, rufin ɗaki bai ƙaru yadda ɗalibai sunka ƙaru ba. Hukumar kula da jin daɗin ɗalibai, CROU, tana raba gadaje, amma ba kowa ke samu ba, saura sai haya a cikin gari, uku ko huɗu a ɗaki guda, ga kuɗin ruwa da kuran, ga kabu-kabu kullum in gidan ya yi nisa. Mai son aikin likita dole ya nufi Yamai, Maradi ko Zinder. Wanda ya gama lisans a Tahoua yana son masta a wata jami'a, shi ma sai ya sake zama baƙo karo na biyu, ya sake neman wanda zai ce masa shigo.

Lokacin ma bai taimaka ba. Masu gidaje na son a biya watanni gaba, daidai sa'ar da manomi bai gama girbin hatsi ba, albasar fadamar Tarka kuwa sai rani take kawo kuɗi. Burs na ANAB ba a ranar shiga aji yake zuwa ba.

Waɗanda sunka fi shan wahala 'yan mata ne. Namiji zai kwana masallaci, zai raɓa ɗakin aboki wata guda kafin ya samu nasa. Ɗiya mace, in babu gado a site kuma babu gwaggo ko ya a garin, iyaye da yawa cewa suke ta dakata zuwa baɗi, baɗin nan kuwa sau da yawa da aure yake zuwa. Ba ma ganin laifin uban da ya ƙi sakin ɗiyarsa gidan da bai san mai shi ba. Laifin da muke gani namu ne mu duka: garuruwan da ke da 'yan kasuwa a Abidjan da Kwatano, ke da manyan ma'aikata a Yamai, bai kamata a ce gidan ɗalibansu na rataye a aljihun mutum ɗaya ba.

Abin da muke roƙon magadan gari da ƙungiyoyin 'yan asalin Madaoua, Bouza da Keita shi ne a sa hayar gidajen nan cikin kasafin komin, a rubuce, da sunan gari, kuma a fara da gidan mata. Iyaye kuma kada a jira sai ana gobe tafiya: a nemi shugabannin ƙungiyar ɗaliban garinku tun yanzu, a tambayi ranar ajiye takardun neman ɗaki a CROU, in kuma haya ce, a tura babba ya ga gidan da idonsa kafin a ba da ko dala.