Hukuncin Paris: Ranar da Aka Raba Giya da Sunanta

A ranar 24 ga Mayu, 1976, wasu Faransawa tara suka zauna a otal ɗin InterContinental da ke birnin Paris, gaban kowannensu kofunan gilashi da takardar rubuta maki. An gayyato su ne domin su ɗanɗana giyar inabi iri ashirin, goma farare, goma jajaye, su ba kowace maki daga cikin ashirin. Sharaɗin zaman ɗaya ne: ba za su ga sunan abin da aka zuba musu ba. Kafin rana ta faɗi, alƙalan nan sun yanke hukuncin da su kansu ba su so ba, kuma sai da aka shekara talatin ana ƙoƙarin warware shi.

Mafi yawan masu karanta wannan rubutu addini ya raba su da giya. Sai dai abin da ya faru a wannan zaure ya shafi tambayar da ke kowace kasuwa da kowace sana'a: idan aka cire suna daga jikin kaya, me ya rage na darajarsa, kuma wa zai iya ganewa?

Yadda suna ya zama dukiya

A 1855, yayin shirin babban bajekolin duniya na Paris, Sarki Napoleon na Uku ya buƙaci a jera giyar yankin Bordeaux bisa daraja. Dillalan garin suka duba farashin da kowace gona ta saba sayarwa a tsawon shekaru, suka raba jajayen giya hawa biyar. Gonaki huɗu ne suka hau matakin farko: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Jerin da aka yi don biki ɗaya ya zama tamkar doka. A cikin shekaru fiye da ɗari, babban sauyi ɗaya aka yi masa, a 1973, lokacin da aka ɗaga Mouton-Rothschild zuwa matakin farko bayan mai gonar, Baron Philippe de Rothschild, ya shafe shekaru da dama yana fafutuka.

Faransawa suna da kalmar da suke kare wannan tsari da ita, wato terroir. Ma'anarta ita ce ƙasar gona, da yanayin sama, da gangaren tudu, da gogewar zuriyar manoma su ne ke haɗuwa su ba giya halinta, don haka ba a kwaikwayonta a wani wuri. Wanda ya yarda da wannan ya yarda cewa fifikon Bordeaux da Burgundy a binne yake cikin ƙasa, kuma ƙasa ba ta ƙaura.

A wancan gefen teku kuwa, Amurka ta haramta sarrafa giya da sayar da ita daga 1920 zuwa 1933. Gonaki da yawa a Kalifoniya suka durƙushe, waɗanda suka tsira suka koma yin giya mai araha ta manyan tuluna. Farfaɗowar ta zo a hankali, da taimakon binciken Jami'ar Kalifoniya da ke Davis. A 1966 Robert Mondavi ya buɗe masana'antarsa a kwarin Napa. Warren Winiarski ya bar koyarwa a Jami'ar Chicago ya zo koyon sana'ar, ya dasa inabinsa a 1970. Mike Grgich, ɗan ƙasar Kuroshiya, ya iso hannu kusan babu komai. A Paris ba a san da zamansu ba.

Zaman da ba a ɗauka da muhimmanci ba

Wanda ya shirya zaman, Steven Spurrier, Baturen Ingila ne mai shagon giya a Paris da makarantar koyar da ɗanɗano a gefensa. Giyar Faransa yake sayarwa, kuma ya ɗauka ita za ta yi nasara. Shi da abokiyar aikinsa Ba'amurkiya, Patricia Gallagher, sun so su yi amfani da cikar Amurka shekara 200 da samun 'yanci su tallata shagon. Wata tawagar masu ziyara daga Kalifoniya ce ta ɗauko kwalaben a cikin kayanta.

Alƙalan manya ne. Akwai Odette Kahn, editar mujallar La Revue du Vin de France. Da Aubert de Villaine na gonar Romanée-Conti. Da Pierre Bréjoux, babban sufeto a hukumar da ke kula da sunayen yankunan giya. Da Raymond Oliver, mai gidan abincin Le Grand Véfour. A kowane rukuni an sa shida daga Kalifoniya, huɗu daga Faransa.

An gayyaci 'yan jarida, amma ɗaya ne ya zo: George Taber na mujallar Time. Shi yana riƙe da jerin sunayen bisa tsarin da ake zubawa, don haka yana sane da abin da ke cikin kowane kofi, alƙalai ba su sani ba. Ya tsaya yana saurare, ya ji ana yabon giyar Napa da cewa ga ɗaukakar Faransa, ana kushe ta Burgundy da cewa ai daga jin ƙamshinta an san ta Kalifoniya ce.

Da aka tattara makin farare, Chateau Montelena ta 1973, wadda Grgich ya haɗa, ita ce ta zo ta ɗaya. An sanar da wannan sakamako kafin a shiga rukunin jajaye, saboda haka alƙalan suka shiga zagaye na biyu a ankare, kowa yana lalube ya gano baƙuwa ya rage mata maki. Duk da haka, Stag's Leap Wine Cellars ta 1973, daga inabin da Winiarski ya dasa shekara uku kacal kafin girbi, ta tsere wa Mouton-Rothschild ta 1970 da maki ɗaya da rabi. Haut-Brion da Montrose suka biyo baya. Odette Kahn ta nemi a mayar mata da takardar makinta, Spurrier ya ƙi.

Taber ya rubuta sakin layi huɗu, aka buga a fitowar 7 ga Yuni, 1976. An sa wa labarin taken Hukuncin Paris, aron suna daga tatsuniyar Girkawa inda wani saurayi mai suna Paris ya yi alƙalancin kyau tsakanin wasu alloli mata uku, hukuncin da ya jawo yaƙi. Jaridun Faransa suka yi gum na tsawon watanni. A Amurka kuwa masu saye suka yi ta tururuwa shaguna.

Uzurin shekaru

Masu gonakin Bordeaux ba su rasa amsa ba, kuma amsar tana da ƙarfi. Jar giya mai daraja ba don shekarar girbinta ake yin ta ba. A cikin ɓawon inabi da 'ya'yansa akwai sinadarin tanin, wanda shi ke sa baki ya yi bauri kamar an tauna goro. Tanin da tsami su ne ke riƙe giya a kwalba. Da tafiyar shekaru, da 'yar iskar da ke ratsa toshiyar kwalbar, baurin yana laushi, launi yana komawa kamar na jan bulo, ƙamshin 'ya'yan itace yana juyewa zuwa na fata da ganyen taba da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Faransawan suka ce giyarsu ta 1970 ba ta nuna ba a 1976, yarinya ce aka fito da ita fili. Ta Kalifoniya, wadda rana mai zafi ta cika da zaƙi, tana burgewa da wuri, amma a jira a gani in za ta kai tsufa.

Wannan uzuri yana da kyau ɗaya: ana iya gwada shi, in dai akwai haƙuri. A 1978 aka maimaita zaman a San Francisco, jajayen Kalifoniya suka kama matakai ukun farko. A 1986, a New York, Clos du Val ta 1972 ta zo ta ɗaya, Ridge Monte Bello ta 1971 ta bi mata. Har a lokacin ana cewa shekara goma ba komai ba ce a rayuwar Bordeaux.

Ranar wanka ta zo a 24 ga Mayu, 2006. Spurrier ya tara alƙalai a wurare biyu a lokaci guda: a shagon Berry Bros. & Rudd da ke Landan, da cibiyar COPIA da ke Napa. Aka sake buɗe jajayen nan goma, kowace ta haura shekara talatin a kwalba, aka sake ɓoye sunayensu. Ridge Monte Bello, wadda Paul Draper ya haɗa kuma ta zo ta biyar a 1976, ita ce ta yi zarra a ɓangarorin biyu na teku. Da aka haɗa maki, Kalifoniya ta cinye matakai biyar na farko: Ridge, sai Stag's Leap, sai Heitz da Mayacamas a kunnen doki, sai Clos du Val. Mouton-Rothschild ta zo ta shida. Gwajin da Faransawa suka nema da bakinsu ya ba da sakamakon da ya fi na farko ɗaci.

Abin da hukuncin ya tabbatar, da iyakarsa

Duk da haka, akwai dalilin taka-tsantsan. Masana lissafi da suka sake duba takardun 1976 sun nuna raunin tsarin. An tara maki ne kawai aka haɗa, ba a daidaita ma'auni tsakanin alƙalai ba, don haka alƙalin da ke ba wata 2 ya ba wata 17 ya fi mai tsayawa tsakanin 12 da 15 tasiri a kan jimilla. Tazarar maki ɗaya da rabi a jimillar mutum tara ba ta kai a gina hukunci a kanta ba. Kuma a ranar, uku daga cikin huɗun farko na Faransa ne, huɗun ƙarshe duk na Kalifoniya.

Harshen ɗan Adam ma ba sikeli ba ne. A 2001, a Bordeaux, Frédéric Brochet da abokan bincikensa suka rina farar giya da jan launi marar ɗanɗano, suka ba masu ɗanɗano 54. Suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya. A 2008 Robert Hodgson ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a gasar giya ta jihar Kalifoniya, inda ya zuba wa alƙalai giya ɗaya sau uku daga kwalba ɗaya ba tare da saninsu ba. Kusan ɗaya cikin goma ne ya ba ta maki iri ɗaya ko kusa da haka. Ɓoye suna yana cire son rai, amma yana kuma fallasa cewa gwanin ya fi dogara da sunan fiye da yadda yake zato.

Abin da zaman Paris ya tabbatar ƙarami ne, amma ya isa. Manyan masanan Faransa, da harshensu kaɗai, sun kasa raba giyar ƙasarsu da ta baƙi. Tazarar da farashi da tarihi suke nunawa ba ta cikin kofin. Wannan ne ya buɗe ƙofa ga manoman Ostireliya, Chile, Ajantina da Afirka ta Kudu, waɗanda suka fahimci cewa giya mai daraja ba gadon wata ƙasa ba ce. Faransawa da kansu suka fara zuwa Napa: Baron Philippe ya haɗa hannu da Mondavi suka kafa Opus One, wadda girbinta na farko ya zo a 1979.

Suna kuwa bai mutu ba. Jerin 1855 yana nan, kuma Mouton da Haut-Brion suna cikin giya mafi tsada a duniya har yau, domin attajirin da ke sayen kwalba don liyafar dare yana son baƙinsa su ga takardar da ke jikinta. Waɗanda suka ci gasar ma sun zama irin abin da suka kayar. An ajiye kwalaben Montelena da Stag's Leap na 1973 a gidan tarihin Smithsonian da ke Washington. A 2007 Winiarski ya sayar da masana'antarsa a kan dala miliyan 185, kuma kaso mai tsoka na wannan kuɗi farashin sunan da aka yi ne a yammacin da aka ɓoye sunaye.