Pierre-Laurent Aimard, makaɗin piyano da ya tsaya wa sabon kiɗa

Pierre-Laurent Aimard makaɗin piyano ne ɗan ƙasar Faransa. An haife shi ranar 9 ga watan Satumba na shekarar 1957 a birnin Lyon. A duniyar kiɗan ilimi na Turawa an fi saninsa da kaɗa ayyukan marubuta kiɗa na ƙarni na 20 da na 21, irin su Olivier Messiaen da Pierre Boulez da György Ligeti, waɗanda akasarin makaɗa ke kauce wa saboda wahalarsu, masu sauraro da dama kuma ke jin su kamar hayaniya.

Kafin a gane muhimmancin aikinsa sai an san yadda wannan sana'a take tafiya. A kiɗan ilimi na Turai, mai ƙirƙirar kiɗa daban, mai kaɗa shi daban. Na farko yana rubuta kiɗan a takarda da alamomi na musamman, na biyu ya karanta ya fitar da sautin. Ke nan kiɗan da bai samu makaɗi ba yana nan kwance a takarda, ba wanda zai ji shi. Manyan makaɗan piyano kuwa sun fi son ayyukan Mozart da Beethoven da Chopin, mutanen da suka rasu tun da daɗewa, domin su ne ke cika zaure da jama'a, su ne kuma ke sayar da faifai. Mai rubuta sabon kiɗa yakan yi shekaru yana neman wanda zai ɓata watanni ya koyi aikinsa. Aimard na cikin ƴan ƙalilan da suka mai da wannan ɗawainiya sana'arsu.

Ƙuruciya da karatu

A makarantar kiɗa ta Lyon ya fara karatu. Yana da shekara 12 ya shiga hannun Yvonne Loriod, malama a babbar makarantar kiɗa ta Paris, wadda ita kanta gwanar piyano ce, kuma matar Olivier Messiaen. Wannan haɗuwa ita ta buɗe masa gidan. Messiaen ya rubuta mafi yawan kiɗansa na piyano domin yatsun Loriod, saboda haka yaron ya koyi ayyukan daga wadda aka rubuta wa su, mai su kuma yana raye, ana iya tambayarsa abin da yake nufi. A 1973, bai wuce shekara 16 ba, ya lashe gasar ƙasa da ƙasa da ke ɗauke da sunan Messiaen. Ya kuma yi karatu a Landan wajen Maria Curcio, sannan ya je Budapest ya ɗauki darasi wajen György Kurtág.

Shekara 18 tare da Boulez

A 1976 Pierre Boulez ya kafa ƙungiyar makaɗa mai suna Ensemble intercontemporain a Paris, da tallafin gwamnatin Faransa. Aikinta guda ne: kaɗa sabon kiɗa da ƙwarewa irin wadda ake kaɗa tsoho da ita. Boulez mutum ne da aka sani da kaifin kunne da rashin sassauci, amma ya ɗauki Aimard, saurayi ɗan shekara 19, ya zama makaɗin piyano na ƙungiyar. Ya yi shekara 18 a cikinta.

Ga matashin da ya riga ya ci gasa, wannan zaɓi ne mai tsada. Hanyar da aka saba ita ce ya fita shi kaɗai yana zagaya manyan birane, sunansa a saman takardar talla. Shi kuwa sai ya zauna cikin ƙungiya, ɗaya daga cikin makaɗa talatin da ɗaya, yana koyon kiɗan da tawadarsa ba ta gama bushewa ba. Ribar da ya samu ita ce zama yau da kullum da masu rubuta kiɗan, ciki har da Karlheinz Stockhausen na Jamus da Elliott Carter na Amurka. Yana cikin waɗanda suka kaɗa Répons, babban aikin Boulez wanda ya haɗa makaɗa da na'ura mai kwakwalwa da ke juya sautinsu nan take, ta watsa shi kewaye da zaure.

Ligeti da kiɗan Afirka ta Tsakiya

Dangantakar da ta fi fito da sunansa ita ce wadda ya ƙulla da György Ligeti, ɗan asalin Hangari da aka haifa a 1923, wanda ya gudu zuwa yammacin Turai bayan sojojin Tarayyar Sobiyet sun murƙushe boren 1956. Tsakanin 1985 da 2001 Ligeti ya rubuta gajerun kaɗe-kaɗen piyano guda 18 da ya kira Études, wato darussan horar da yatsu. Sunan yana da sauƙi, abin da ke ciki kuwa yana daga cikin mafi wahalar da aka taɓa rubuta wa piyano. A na farkonsu, Désordre, hannun dama yana taɓa fararen maɓallai kawai, na hagu baƙaƙe kawai. Suna farawa tare, sai ɗaya ya riƙa rage taki kaɗan-kaɗan har bugun hannayen ya rabu, mai sauraro ya ji kamar mutum biyu ne ke kiɗa, kowa da nasa saurin. Aimard ya yi shekaru yana aiki da Ligeti a kan waɗannan darussa, shi ya fara kaɗa da yawa daga cikinsu a bainar jama'a, Ligeti kuma ya sadaukar masa da biyu, na 10 da na 12. Faifan da ya naɗa na kiɗan piyano na Ligeti ya samu kyautar mujallar Gramophone a 1997.

Wani ɓangare na wannan dabara daga Afirka ya fito, kuma Ligeti bai ɓoye ba. A farkon shekarun 1980 ya ji naɗin kiɗan ƙahoni na Banda-Linda, wata al'umma ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wanda manazarcin kiɗa Simha Arom ya yi. A irin wannan kiɗa kowane mai busa yana da sautinsa ɗaya da lokacin shigarsa, sai haɗuwar su duka ta haifar da wata waƙa da babu wanda ya busa ta shi kaɗai. Ligeti ya karanta binciken Arom, har ya rubuta gabatarwar fassarar littafinsa ta Ingilishi, sannan ya nemi yadda yatsu goma na mutum ɗaya za su yi abin da taron masu busa ke yi.

A 2003, shekarar da Ligeti ya cika 80, Aimard ya fitar da faifai mai suna African Rhythms. A cikinsa an jera darussan Ligeti da ayyukan Ba'amurke Steve Reich da waƙoƙin mutanen Aka na dazuzzukan Afirka ta Tsakiya, ɗaya bayan ɗaya, domin kunne ya kwatanta da kansa. Ya kuma hau dandamali ɗaya da mawaƙan Aka a Turai. A wannan shekarar ce hukumar UNESCO ta sanya waƙar Aka cikin manyan kayan gadon al'adun ɗan Adam. Faifan ya yi abin a yaba, domin ya nuna a fili cewa wani reshe na kiɗan da Turawa ke kira na ci gaba yana da bashin Afirka a kansa. Amma akwai abin dubawa: a bangon faifan, Ligeti da Reich da Aimard kowa da sunansa, mawaƙan Afirka kuwa sunan ƙabilarsu kawai aka sa. Wanda ya girma yana jin yadda makaɗa ke saƙa bugu cikin bugu a wajen biki ba zai sha wahalar kama wannan kiɗa ba kamar yadda wasu Turawa suka sha.

Komawa ga tsofaffi

Da ya bar ƙungiyar Boulez a tsakiyar shekarun 1990, mutane da yawa sun ɗauka makaɗin sabon kiɗa ne kurum. Sai ga Nikolaus Harnoncourt, jagoran makaɗa ɗan Ostiriya wanda ya yi suna a kan tsohon kiɗa, ya zaɓe shi su naɗa manyan ayyukan Beethoven guda 5 na piyano da taron makaɗa. Faifan ya fito a 2003. A 2008 ya fitar da L'Art de la fugue na Johann Sebastian Bach a kamfanin Deutsche Grammophon, a 2014 kuma littafi na farko na Clavier bien tempéré. Tsakanin nan, faifan kiɗan Charles Ives da ya yi da mawaƙiya Susan Graham ya samu kyautar Grammy a 2005.

Salonsa na tsabta ne. Kowane sauti yana fita sarai, ba ya cika ƙawa, ba ya kuma jan kiɗa don ya sa mai sauraro hawaye. Masu son sa suna cewa yana nuna maka yadda aka gina kiɗan, masu sukar sa kuma suna cewa a wasu tsofaffin ayyuka akwai ƙarancin ɗumi. Duk ɓangarorin biyu abu ɗaya suke ji. Yakan kuma tsara shirin wasansa ta hanyar ajiye ɗan guntun sabon kiɗa kusa da tsoho, wani lokaci ya juyo ya yi wa jama'a bayani kafin ya taɓa piyano, abin da manyan makaɗa ba su cika yi ba.

Aldeburgh da tsuntsayen Messiaen

Daga 2009 zuwa 2016 shi ne daraktan shirye-shirye na bikin kiɗa na Aldeburgh, wani ƙaramin gari a gabar tekun gabashin Ingila, bikin da Benjamin Britten da abokansa suka kafa a 1948. A can ne, a watan Yunin 2013, aka fara kaɗa Epigrams, aikin ƙarshe na Elliott Carter, wanda ya rasu a 2012 yana da shekara 103. Aimard aka sadaukar wa aikin.

Ya yi bankwana da bikin da Catalogue d'oiseaux na Messiaen. Messiaen mutum ne mai son tsuntsaye, yakan fita daji da takarda da fensir yana rubuta kukansu da alamomin kiɗa. Tsakanin 1956 da 1958 ya haɗa kashi 13, kowane kashi da tsuntsunsa na Faransa da yanayin wurin da yake zaune, jimlarsu ta kusa awa 3. A watan Yunin 2016 Aimard ya raba aikin gida huɗu cikin yini ɗaya, daidai da lokacin da tsuntsayen ke kuka: ya fara da asuba kafin fitowar rana, ya yi ɗaya da rana, ɗaya da maraice a fili cikin gandun tsuntsaye na Minsmere, ya rufe da dare. Naɗin aikin gaba ɗaya ya fito a 2018 a kamfanin Pentatone, kusan shekara 50 bayan ranar da ya fara zama gaban Loriod.

Koyarwa da lambobin yabo

Ya daɗe yana koyarwa a babbar makarantar kiɗa ta Kolon a Jamus, ya kuma koyar a ta Paris. A shekarar karatu ta 2008 zuwa 2009 ya riƙe kujerar fasaha a Collège de France, inda ya yi lacca kan nauyin da ke kan makaɗi a wannan zamani. Tare da bikin piyano na yankin Ruhr ya buɗe shafin intanet da ke bayanin darussan Ligeti dalla-dalla, kyauta ga duk mai son koyo. Yana yawan yin wasa da piyano biyu tare da Tamara Stefanovich, ita ma gwanar sabon kiɗa.

A 2017 ya karɓi kyautar Ernst von Siemens ta Jamus, wadda ake yi wa kallon ɗaya daga cikin mafiya daraja a fagen kiɗa. Kuɗinta a lokacin yuro 250,000 ne, kimanin sefa miliyan 164. A 2022 ƙasar Danmak ta ba shi kyautar Léonie Sonning, wadda Messiaen da Boulez da Ligeti duk suka karɓa kafin shi. A 2023, da aka yi bikin cika shekara 100 da haihuwar Ligeti, ya zagaya biranen Turai da Amurka yana kaɗa darussan.