Yadda Ake Haɗa Modem da Kwamfuta Mai Aiki da Linux a Gaya

Mene ne modem?

Modem wata ƴar na'ura ce mai kamar tsawon yatsa, wadda ake saka wa katin SIM irin na wayar salula, sannan a soka ta a kafar USB ta kwamfuta. Ita ce ke kamo rezo daga turken kamfanin waya ta kai intanet cikin kwamfuta. A shagunan Nijar za ku ji ana kiran ta kilen 3G ko kilen 4G. Da yawa daga cikin waɗanda ke hannun jama'a ƙirar kamfanonin Huawei da ZTE ne na ƙasar Sin.

Mene ne Linux?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja mai tafiyar da dukkan ayyukanta. Windows ɗaya ce daga cikinsu, kuma sayen ta ake yi. Linux kuwa kyauta ce, an kuma yarda kowa ya kwafe ta, ya gyara ta, ya ba wani. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991. Nau'inta da aka fi sani shi ne Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa, ya fito a 2004.

Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Irin waɗannan kwamfutoci, na ƙungiyoyin manoma da cibiyoyin yaƙi da jahilci da ƴan kasuwa, suna iya ci gaba da aiki idan aka sa musu Ubuntu, ko Lubuntu wanda ya fi sauƙin nauyi. Faifan Ubuntu na 2024 ya kai wajen giga 6. Saboda haka ya fi araha ku kwafe shi daga wanda ya riga ya sauko da shi. Yin hakan halal ne a doka.

Abin da za ku tanada

1. Katin SIM mai rajista da sunanku. A Nijar sai da katin shaida ake yin rajistar.
2. Kuɗin intanet a cikin katin. Ku saka katin a waya tukuna, ku tabbatar yana buɗe intanet.
3. Sunan ƙofar shiga intanet ta kamfaninku, wadda ake kira APN. Ku tambaya a ofishin kamfanin, a rubuta muku a takarda.
4. Modem wadda ba a ƙulle ba.

Kamfanonin waya huɗu ne ke aiki a Nijar: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom, da Niger Telecom. Zamani shi ne tsohon Orange Niger, wanda aka sayar a 2019. Niger Telecom kuwa an kafa shi a 2016, bayan an haɗe Sonitel da SahelCom.

Batun ƙulli yana da muhimmanci ga mutanen Gaya, domin kaya da yawa daga Nijeriya da Binin suke shigowa. Modem mai tambarin wani kamfanin waya sau da yawa an ƙulle ta don kada ta karɓi katin kowa sai nasa. Kafin ku biya kuɗi, ku sa mai shago ya gwada ta da katinku a gabanku.

Dalilin da ya sa modem ke ƙin aiki

Mutane da yawa sukan soka modem a kwamfuta mai Linux, su ga shiru, sai su ce ta lalace. Mafi yawan lokaci lafiyarta lau. Ga abin da ke faruwa. Masu ƙera ta sun ajiye manhajar Windows a cikinta. Da zarar an soka ta, sai ta nuna kanta a matsayin faifan CD, domin Windows ta kwashi manhajar. Wannan manhaja ba ta da amfani ga Linux. Abin da ake buƙata shi ne a umarci modem ta ajiye rigar faifai ta koma aikinta na asali. Wata ƙaramar manhaja mai suna usb-modeswitch ce ke ba da wannan umarni. Bayan ta, ModemManager ke magana da modem, NetworkManager kuma ya haɗa kwamfuta da intanet. Duka ukun suna zuwa tare da Ubuntu, kuma tun 2008 Ubuntu ke iya haɗa irin waɗannan modem ba tare da dogon rubutu ba.

Matakan haɗawa

1. Ku saka katin SIM a waya, ku cire masa lambar sirri ta PIN. Ku yi hattara: kuskure sau 3 yana rufe katin, sai da lambar PUK zai buɗe. Kuskuren PUK sau 10 yana kashe katin gaba ɗaya.
2. Ku saka katin cikin modem, gefen zinariya yana kallon ƴan ƙarafan da ke ciki.
3. Ku kunna kwamfuta, ku bari ta gama tashi, sannan ku soka modem.
4. Ku jira kamar minti ɗaya. Kada ku zare ta da wuri, domin a lokacin ne take sauya riga.
5. Ku duba alamar rezo a saman allo ta hannun dama, ko ku buɗe wurin saiti, wanda a Faransanci aka rubuta Paramètres. Za ku ga sashen rezon salula ya bayyana.
6. Ku zaɓi ƙasa da kamfani. Idan babu sunan kamfaninku, ko an bar tsohon sunansa, ku rubuta APN da hannu daidai yadda aka ba ku, harafi bayan harafi.
7. Idan an nemi lambar kira, ku rubuta *99#.
8. Ku ajiye, ku kunna haɗin. A yawancin modem ɗin Huawei, fitila mai ƙyaftawa tana nufin an ga rezo, fitila mai tsayawa cak tana nufin an haɗu.

Akwai wasu modem, irin su Huawei E3372 mai tsarin HiLink, waɗanda ke haɗa kansu da kansu. Kwamfuta tana ganin su kamar an jona mata wayar intanet ta ofis. Ga irin waɗannan, ku buɗe Firefox ku rubuta 192.168.8.1. A shafin da zai fito ne ake rubuta PIN da APN.

Idan har yanzu shiru

Ku danna Ctrl da Alt da T tare. Baƙin allo na rubuta umarni zai buɗe. Ku rubuta lsusb ku danna Enter. Jerin na'urorin da ke jone zai fito. Layi mai ɗauke da 12d1 na Huawei ne, mai 19d2 na ZTE ne. Idan babu layin modem ko kaɗan, matsalar ta kafar USB ce ko ta ƙarancin wuta. Ku gwada wata kafar.

Idan layin ya fito, ku rubuta mmcli -L. Idan ya nuna modem, to saura gyaran PIN ko APN. Idan bai nuna ba, wataƙila usb-modeswitch ce babu. Sauko da ita na buƙatar intanet, ga shi kuma intanet ɗin ake nema. Mafita ita ce ku jona wayar Android da kwamfuta ta igiyar caji mai ɗaukar bayanai, ku kunna raba intanet ta USB a cikin wayar. Linux na karɓar wannan nan take. Sai ku rubuta:

sudo apt install usb-modeswitch modemmanager

Bayan an gama, ku kashe kwamfuta ku sake kunnawa.

Hattara da rezon ƙetare

Wannan gargaɗi na mazauna bakin iyaka ne. Gaya na bakin kogin Isa, Malanbil ta ƙasar Binin na ɗaya gaɓar, Kamba ta jihar Kebbi a Nijeriya kuma tana kusa ta gabas. Rezo bai san iyakar ƙasa ba. Idan na kamfaninku ya yi rauni, modem tana iya kama turken wata ƙasa da kanta. Wannan shi ne abin da ake rubutawa itinérance a Faransanci. Kuɗinsa ya fi na gida tsada ƙwarai, kuma sau da yawa intanet ɗin da kuka saya a gida ba ya aiki a can, sai a riƙa cira daga ainihin kuɗin katinku.

Ga yadda za ku tsare kuɗinku. Na farko, ku kashe itinérance a cikin saitin rezon salula. Na biyu, ku zaɓi kamfaninku da hannu, kada ku bar wa modem zaɓi. Na uku, ku riƙa dubawa. Umarnin mmcli -m 0 yana nuna lambar kamfanin da aka kama. Idan mmcli -L ya nuna wata lambar modem dabam, ku sa ta a madadin 0. Lambobi ukun farko na lambar kamfani na ƙasa ne: 614 Nijar, 616 Binin, 621 Nijeriya. Idan katinku na Nijar ne kuka ga 616 ko 621, ku katse haɗin nan da nan.

Tattalin intanet da kula da na'ura

Kwamfuta ta fi waya cin intanet. Ubuntu yakan sauko da gyare-gyaren tsaro, kuma ba a so a daina su, domin su ke toshe ƙofar ɓarayin bayanai. Sai dai ku zaɓi lokacin yin su, kamar ranar da kuka sayi intanet mai yawa. Idan modem ɗinku mai haɗa kanta ce, ku shiga saiti ku sa alamar cewa wannan haɗi na awo ne, don kwamfuta ta rage ɗiba.

Ginin siminti da rufin kwano suna rage ƙarfin rezo. Ku nemi doguwar igiyar USB, ku rataye modem kusa da taga, a inuwa. Zafin bazara yana sa ta yankewa, ƙurar hunturu kuma tana toshe bakinta, don haka ku mayar da murfinta bayan aiki. A lokacin hadari da tsawa, ku zare kwamfuta daga wutar lantarki.

Idan kun yi nasara, ku rubuta sunan modem da APN da matakan da kuka bi a littafin ƙungiyarku ko na ajinku. Ranar da kuka yi tafiya, wanda ya zauna gaban kwamfutar zai buɗe littafin ya haɗa ta da kansa, ba sai an kai ta Doso ko Yamai wajen mai gyara ba.