Shaihu Umar da Mai Martaba: Fina-finai Biyu, Shekara 48 a Tsakaninsu

Yau hirar fim za mu yi, amma ta ɓangaren tarihi. A 'yan kwanakin nan na kalli fina-finan Hausa guda biyu a jere, ɗaya tsoho tukuf, ɗaya sabo fil. Tsohon shi ne Shaihu Umar na 1976, sabon kuma Mai Martaba na 2024. Dukkansu suna ƙoƙarin nuna ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa, don haka kwatanta su bai zama zalunci ba.

Bari mu fara da tsohon, don shi ya fi dogon labari.

Asalin Shaihu Umar littafi ne. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. Gasar ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Shaihu Umar. Wanda ya rubuta shi wani matashin malamin makaranta ne a Bauchi, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba, sunansa Abubakar Tafawa Ɓalewa. E, shi ɗin dai, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. To shekara goma bayan rasuwarsa ne Adamu Halilu ya mai da littafin fim, da kuɗin gwamnatin tarayya. Kafin nan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun riga sun mai da shi wasan kwaikwayo na dandamali, kuma Umaru Ladan ɗin ne ya fito a matsayin Shaihu a fim.

Labarin, ga wanda bai karanta a makaranta ba: wani babban malami ne a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya zauna yana ba su. Mutumin Kagara ne. Mahaifinsa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, wani bafaden sarki. 'Yan uwansa fadawa suka ƙulla masa sharri, aka kore shi daga gari. Daga nan gida ya watse. Aka sace yaro, ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya ƙetare Sahara da shi, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwar kuwa ta bar komai ta fita nemansa, ita ma aka kama ta aka sayar, ta sha wuya iya wuya. Sun sadu a ƙarshe a can Tarabulus, amma ba ta jima ba ta cika.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wannan uwar. Sunan fim na Shaihu ne, amma wallahi nauyin labarin a kanta yake. Shi bauta ta kai shi ga ilimi da daraja. Ita bautar nan dai ta cinye ta. Hanya ɗaya suka bi, sakamako biyu. Kuma fim ɗin bai ɓoye wanda ke kama bayin ba. Ba wasu baƙi ne daga nesa ba. Sarakunanmu ne ke kai hari, fatakenmu ne ke saye, a kasuwanninmu ake ciniki. Ku tuna fa, wanda ya rubuta wannan mutum ne da aka haifa a 1912, lokacin da waɗanda suka ga abin da idonsu suna nan da ransu a kowace unguwa. Akwai masu ganin cewa labarin ya yi wa bauta sassauci, tunda ya nuna ubangida nagari, kuma ya jingina komai ga ƙaddara. Ina ganin suna da hujja ta wani gefen. Amma duk wanda ya bi wahalar matar nan daga farko zuwa ƙarshe, da wuya ya tashi yana cewa an yabi bauta.

Yanzu maganar gaskiya: fim ɗin yana da nawa. Minti 142 ne, kuma ba ya sauri ko kaɗan. Idan ayari zai wuce, sai ka ga raƙuma sun wuce ɗaya bayan ɗaya. Idan za a gaisa a fada, sai an yi gaisuwar cikakkiya, da faɗuwa da kirari da komai. Yaron da ya saba da bidiyon minti ɗaya a waya zai yi hamma, ba shakka. Amma wannan nawar ita ce dukiyarsa a yau. Kana ganin yadda ake naɗa rawani, yadda mutum ke zama a gaban malami, yadda ake jan magana kafin a kai ga buƙata. Hausar ma daban take, ba gaggawa, ba Turanci a tsakiya. 'Yan wasan ba koyon tsohuwar rayuwa suka yi daga littafi ba, a cikin ragowarta suka tashi.

Kuma saura ƙiris da babu wanda zai sake ganin wannan fim. Shekaru da dama ana ɗaukar ya ɓata. Sai a 2016 aka gano faya-fayensa na asali a Legas, cikin tarin tsofaffin gwangwanayen fim na Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wasu duk sun yi tsatsa. Wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ta taimaka aka gyara shi, aka mai da shi na kwamfuta, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Ku duba wannan al'amari. Littafin Firayim Minista, fim ɗin gwamnati, amma sai da ya je Jamus aka ceto shi.

Tsakanin 1976 da yau abubuwa da yawa sun faru, ba zan tsaya a kansu ba sosai. An yi wasu 'yan fina-finai na silima, kamar Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu, da Ƙasarmu Ce wanda Saddiq Ɓalewa, ɗan marubucin Shaihu Umar, ya yi a farkon shekarun 1990. Amma irin wannan aiki yana cin kuɗi, naira kuma ta karye. Sai kaset ɗin bidiyo ya shigo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, daga nan aka buɗe wani sabon babi. Zuwa lokacin Sangaya da Wasila, soyayya da waƙa da rawa sun mamaye kasuwa, abin da ba zai ba kowa mamaki ba in ya san shekarun da mutanenmu suka yi suna kallon fina-finan Indiya a Plaza da Marhaba da Eldorado. Sunan Kannywood ma a mujallar Tauraruwa ya fara fitowa a ƙarshen shekarun 1990, tun kafin a ji kalmar Nollywood. A 2001 kuma aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano. Ni ba na cikin masu raina wannan zamani. Da kuɗin aljihunsu suka gina sana'a, ba gwamnati, ba banki. Sai dai fim ɗin tarihi ya zama baƙo a cikinta, saboda dawakai da kayan sarauta da ɗaruruwan mutane ba aikin sati biyu ba ne.

Wannan ya kawo mu ga Mai Martaba. Prince Daniel, wanda ake kira Aboki, shi ya ba da umarni, an ɗauke shi a Daura, Adam A. Zango yana ciki. Nijeriya ta tura shi gasar Oscar a rukunin fina-finan ƙasashen waje, ko da yake bai kai zagayen gaba ba. Ba shi ne na farko mai Hausa da aka tura ba, The Milkmaid ya riga shi. Dalilin da Hausa ke samun wannan dama kuwa, dokar rukunin ce: dole yawancin maganar fim ta kasance ba da Turanci ba. Saboda wannan dokar aka cire Lionheart na Genevieve Nnaji a 2019.

Labarinsa na wata ƙagaggiyar masarauta ce, Jallaba, inda sarki ya so ya ɗora 'yarsa a gadon sarauta, rikici ya tashi. Ta fuskar hoto, babu haɗi, ya yi wa tsohon fintinkau. Haske, launi, sauti, kyamarar da ke tashi sama ta nuna maka gari gaba ɗaya. Na ji daɗin ganin an kashe kuɗi a kan labarin Hausa, kuma na ji daɗin ganin mace a tsakiyar maganar mulki, balle a Daura, garin da tarihinsa ya fara da sarauniyoyi.

Inda nake da ja shi ne nan. Da yake Jallaba ba ta taɓa wanzuwa ba, babu wanda fim ɗin zai ɓata wa rai. Ba zuriyar wani sarki da za ta kai ƙara, ba garin da zai ce an ci mutuncin kakanninsa. Na fahimci dabarar, domin a yau mai shirya fim yana tsoron fada, yana tsoron hukuma, yana tsoron 'yan Facebook. Amma abin da aka samu na kwanciyar hankali an biya shi da wani abu. Shaihu Umar ya ambaci Kagara, ya ambaci Makarfi, ya ambaci Kano, wuraren da za ka iya shiga mota ka je yau ɗin nan. Shi ya sa yake cizo. Mai Martaba na kalle shi na yaba, Shaihu Umar kuwa na kalle shi na kwana ina tunanin ko akwai irin matar nan a cikin kakannina, ko kuma a cikin waɗanda kakannina suka saya. Tambayar da nake yi ita ce, a yau akwai wanda zai iya ɗaukar yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukur da Yusufawa, ya yi fim da sunayen gaskiya, ya kuma kwana lafiya? Ko labarin Ningi da Bauchi? Ko Satiru ta 1906? Kayan labari ga su nan jibge, marubuta ma akwai su.

Sai maganar adanawa, wadda ta fi damuna. Shaihu Umar ya tsira ne don a kan fim na silima aka ɗauke shi, wanda ke iya yin shekaru a gwangwani in zafi da laima ba su gama da shi ba. Kaset ɗin bidiyo ba shi da wannan juriya. Yana manne wa juna, yana yin fumfuna, hoton yana dusashewa. Dubban fina-finan da aka sayar a Ƙofar Wambai da Bata a kan irin wannan kaset suke, ko kuma faifan CD mai karcewa. Waɗanda ake gani a YouTube galibi kwafin kwafi ne, da tambarin wani a manne a kusurwa, wani lokaci ma babu ƙarshen. Don haka in akwai mai tsofaffin kaset a ƙarƙashin gado ko a shagon babansa, don Allah kada a zubar, kada a ba yara su ja zaren. A ajiye su a inuwa, wuri busasshe, a tsaye ba a kwance ba, har a samu mai na'urar da zai juye su zuwa kwamfuta.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu ɗauki Sangaya ita kaɗai, mu ga yadda fiyano ya ture kalangu a fim ɗin Hausa.