Jijiyar Riruwai da Darasinta Gare Mu 'Yan Shagari

Da yawa daga cikinmu mazauna Legas, Kaduna da Abuja mukan ji ana cewa ƙasar Arewa kwance take bisa dukiya, har mukan tambayi kanmu ko a ƙarƙashin gonakinmu na Shagari da Boɗinga akwai irin wannan rabo. Tambaya ce mai kyau, kuma tarihin wani gari a ƙasar Kano zai taimake mu wajen amsa ta.

Garin shi ne Riruwai, a Ƙaramar Hukumar Doguwa. Tun kafin zuwan Turawa mutanensa suka shahara da narka kuza, suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake kuwa suna kai ta kasuwanni. Baturen nan Kilafatin, wanda ya rasu a Sakkwato a 1827, ya rubuta cewa ya ga kuza da kwalli a kasuwar Kano a 1824. Shi kwallin da iyayenmu mata ke sa wa ido, ma'adinin dalma ne aka niƙa. Ke nan kakanninmu ba baƙin ma'adinai ba ne.

Masana ilimin duwatsu sun bayyana cewa tsaunukan Riruwai saiwar wani dutse mai aman wuta ne da ya mutu kimanin shekaru miliyan 170 da suka wuce. Yayin da narkakken dutsen yake hucewa a cikin ƙasa, sai ya tsage, ruwa mai tsananin zafi ɗauke da ƙarafa ya bi tsagar, ya yi ta ajiye su kashi-kashi. Da haka aka sami jijiya mai tsawon kusan kilomita 5 daga gabas zuwa yamma, wadda ta tara kuza, tutiya, dalma da jan ƙarfe wuri guda. Magabata kuzar da ruwan sama ya wanko cikin rafuka suka sani. Sauran ƙarafan na can ƙasa ba su kai gare su ba. A shekarun 1970 aka haƙa rami mai zurfi domin bin jijiyar, amma aikin bai ɗore ba, ga shi kuma kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985.

A irin waɗannan jijiyoyi masu haɗa kuza da tutiya ne wasu ƙasashe ke samun wani ƙarfe mai suna indiyum. Wasu masana biyu, Reich da Richter, suka gano shi a 1863 a garin Freiberg na Jamus, cikin ma'adinin tutiya. Sun gane shi ne ta wani haske mai launin shuni da ya bayyana a na'urarsu, daga nan kuma ya samo sunansa, wato launin nan na marinarmu. Ba a haƙa rami domin indiyum shi kaɗai, domin ɓoye yake cikin tutiya, sai a matata ake raba su. Mahaƙar Toyoha ta Japan, wadda aka rufe a 2006, ta yi suna a kansa, haka ma duwatsun Bolibiya. Yau kuwa fuskar wayar da ke aljihunmu tana da shafe na indiyum da kuza, wanda ke sa ta jin taɓawar yatsa.

To, ina namu matsayi? Gaskiya ɗaya ce: ƙasarmu ba irin ta Riruwai ba ce. Muna zaune ne bisa shimfiɗar wani tsohon teku da ya rufe kwarin Sakkwato kimanin shekaru miliyan 60 da suka shuɗe. Abin da ya bari shi ne laka, yashi, dutsen siminti irin na Kalambaina, da fosfat na yin takin zamani a wajejen Dange da Shuni. Jijiyoyin ƙarafa suna inda tsoffin duwatsu masu tauri suka fito fili, kamar a Zamfara. Saboda haka duk wanda ya zo mana da labarin kuza ko zinariya a bayan gari yana neman mu zuba kuɗi, to mu nemi masani ya duba tukuna.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, alhali jijiyar cike take da dalma. Zinariyar aka gani, ba a san abokiyar zamanta ba. Samarinmu masu tafiya cin rani wuraren haƙa suna bukatar su ji wannan daga bakinmu: kada a kawo dutse gida, kada a niƙa shi kusa da yara ko abinci, a wanke jiki da tufafi kafin a shiga iyali.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Jijiya ɗaya tana iya ɗaukar arziki da guba tare, ilimi ne kawai ke rarrabe su. Don haka muke roƙon ƙungiyarmu ta ware wani kaso na tallafin karatu ga 'ya'yanmu masu son nazarin duwatsu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, domin ranar da za a zo auna ƙasarmu a tarar da namu a wurin. Allah Ya albarkaci Shagari da mutanenta, amin.