Daga Sawakin Zuwa Teburin Jawazat

Na daɗe ina cike wa mutane takardun tafiya a wani ƙaramin ofishin shirya Umara da ke kan titin Ahmadu Bello a Kaduna, kuma aikin ya nuna mini cewa ba sabon shiga ne ya fi tsoron filin jirgin Jidda ba. Wanda bai taɓa fita ba damuwarsa kaɗan ce: kada jirgi ya juya masa ciki, kada jakarsa ta ɓace. Mai fargabar gaske ita ce Hajiyar da ta san kowace ƙofa ta filin, ta san layin da ya fi sauri, har Larabcin ciniki ya zauna a bakinta. Ita ce za ta ajiye fasfo a kan tebur, ta buɗe shafukan da hatimi ya hau kan hatimi, ta sassauta murya ta ce, "Malam, duba mini da kyau. Yawan zuwan nan ba zai sa su dawo da ni ba?"

Amsar da nake bayarwa ba ta faranta wa kowa rai. Biza izini ce ta ka isa gaban jami'in shige da fice, wanda mutanenmu ke kira ɗan jawazat. Shiga ƙasar kuwa a hannunsa take, kuma babu dokar da ta tilasta masa ya yi maka dogon bayani idan ya ƙi.

Kakanninmu ba wannan ne tsoronsu ba. Ƙanen kakana ya bar ƙauyensu da ke kusa da Zariya a ƙafa cikin shekarun 1930, kuma da ya tashi tafiya sai da ya raba 'yan kayansa, ya nemi gafarar kowa, domin mai zuwa gabas a wancan zamani ba a cika sa ran dawowarsa ba. Hanyar sananniya ce: Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ta zama Njamena, Abeche, a tsallaka Darfur ta Janaina da Fashir, a kai El Obeid inda layin dogo ya iso tun 1912. Guzuri ba ya kai kowa ƙarshen hanya. Sai a tsaya a yi ƙodago, galibi a gonakin audugar Jazira da Turawan Ingila suka buɗe a 1925, a tara abin da aka tara, a ƙara gaba. Mutum yakan shekara biyar ko goma a tsakani. Wasu ba su kai Makka ba, ba su kuma dawo gida ba, suka zama mutanen Sudan. Can suka tarar da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru, waɗanda bayan yaƙin Burmi na 1903 suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har gobe.

Abin da ke mayar da mutum baya a lokacin yunwa ce, da ciwo, da 'yan fashi, da masu kama mutane su sayar. Takarda daga baya ta shigo, kuma Turawa ne suka kawo ta. Hanyar ba ta kwanta musu a rai ba, don suna ganin ta nan aƙidar Mahadi ke kwararowa daga Sudan zuwa Arewa. Razdan na Barno, H. R. Palmer, ya bi ta da kansa har Jidda ya rubuto rahoto a 1919, wani jami'in mai suna Lethem ya sake bin sawu a 1925. Sannu a hankali aka fito da fasfon alhazai, da allurar rigakafi, da zaman killacewa a tashar ruwa ta Sawakin kafin a hau jirgi. Nan ne Bahaushe ya fara sanin cewa mutum na iya cin shekaru yana tafiya, ya iso bakin teku, wani ma'aikaci ya dubi takardarsa ya ce ba ta cika ba. Waɗanda ba su da kuɗin biyan waɗannan sharuɗɗa sai su zagaya ta Masawa, a ƙasar Eritiriya, su biya masu kwalekwale su tsallakar da su Bahar Maliya a ɓoye, a sauke su a wani gaɓa da babu kowa, su ƙarasa a ƙafa. Ƙanen kakana ta nan ya bi. Bai taɓa ɗaukar abin a matsayin laifi ba. A wajensa hanyar ɗakin Allah ce, wani ne ya zo ya gitta mata sanda.

Manya kuwa tasu hanyar daban take tun farko. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi Hajji a 1921 ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila har ya gana da Sarki George na Biyar. Ba wanda ya tsare shi a Sawakin.

Kaduna ta shigo cikin labarin ne da jirgin sama da kuma Sardauna. Garin ya zama hedikwatar Arewa tun 1917, amma sai a shekarun 1950 ya zama wurin da ake tsara tafiyar alhazai. Sardaunan, wato Sir Ahmadu Bello, ya yi Hajjinsa na farko a 1955, kuma a tafiyar ce ya shaƙu da Malam Abubakar Gumi, wanda daga baya aka tura Jidda ya zama jami'i mai kula da alhazan Najeriya. Daga nan Sardauna ya mayar da zuwa ƙasa mai tsarki al'ada, Hajji da Umara, kusan kowace shekara, da ayarin sarakuna da ministoci da attajirai. Da aka kafa ƙungiyar Musulmin duniya ta Rabiɗa a Makka a 1962, yana cikin jagororinta. Ko juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 da aka kashe shi a gidansa, inda Arewa House take yanzu, kwanaki kaɗan ne bayan dawowarsa daga Umara. Idan ana neman mutumin Kaduna na farko da fasfonsa ya cika da hatimin Jidda, to shi ne. A gare shi kowane hatimi ƙarin girma ne, sarakunan Saudiyya ke tarbarsa. Mutanen garin nan daga wajensa suka koyi cewa yawan zuwa daraja ne, kuma har yanzu idan ana yabon attajiri a Unguwar Rimi ko Malali, za ka ji an ce, "Ai shi azumi ba ya riskarsa a gida."

Da kuɗin fetur ya zo, sai tafiyar ta sauko ta iske talaka. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, kuma a 1977 'yan Najeriya sama da dubu ɗari suka yi Hajji. Naira na da ƙarfi, kujera ba ta gagari malamin makaranta ba. A wannan zamani ne sana'ar da ake kira Kano-Jidda ta bunƙasa, kuma mata ne ƙashin bayanta.

Gwaggona ta Unguwar Shanu tana cikinsu. Takan tafi da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da man shanu, ta sayar wa Hausawan da ke zaune a Makka da Jidda, waɗanda bakinsu ke ƙaiƙayin miyar gida. Ta dawo da dogayen riguna, da mayafai, da turare, da darduma, da 'yan kunnen gwal da take ƙullewa a cikin lalitarta. Wasu kayan ta kai wa masu shaguna a babbar kasuwa, wadda yanzu ake kira Kasuwar Gumi, wasu ta bi gidajen amare tana bayarwa bashi, a biya ta ƙarshen wata. Da wannan ta aurar da 'ya'yanta, ta yi wa gidan rufin kwano. Ibadarta kuma ba ta wasa ba ce. Ba ta taɓa ganin saɓani tsakanin ɗawafi da ciniki ba, kuma malamanmu ba su ce akwai ba. Amma a takarda bizarta ta Umara ce kawai. Wannan ɗan giɓi da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da ake yi, shi ne asalin fargabar da ta gadar wa na bayanta.

Ban da 'yan Kano-Jidda, akwai masu zuwa su ƙi dawowa, 'yan takari. Biza ta ƙare, mutum ya shige cikin unguwannin baƙi ba shi da igama, wato takardar izinin zama, yana aikatau ko tallar abinci ko bara, yana wasan ɓuya da 'yan sanda. Ranar da dubu ta cika a kai shi gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, ya yi makonni, a sako shi a jirgi zuwa Kano. A da wannan ba ƙarshen zance ba ne. Sai ya huta, ya yi sabon fasfo da sunan kakansa, ya koma. Na san waɗanda suka yi haka ba sau ɗaya ba, suna ba da labari suna dariya. Na'ura ce ta kashe wannan dabara. Najeriya ta fara fasfo mai ɗauke da bayanan jikin mutum a 2007, Saudiyya kuma ta shiga ɗaukar zanen yatsu da hoton fuska a mashiginta. Sunan kaka ba ya canza yatsa. Tun daga nan teburin jawazat ya daina mantuwa, kuma bai tsaya kan masu laifi ba: kowace shiga da kowace fita ta kowa tana nan a rubuce, da adadin kwanakin da aka yi.

Tsaurarawar ba rana ɗaya ta zo ba. Bayan rikicin Makka na 1987, ƙasashen Musulmi suka amince a 1988 da kason mahajjaci ɗaya cikin kowane mutum dubu. A 1996 annobar sanƙarau ta sa Saudiyya ta hana maniyyatan Najeriya shiga, mutane suka kwashe jakunkunansu daga sansanin alhazai suka koma gida da guzurinsu. Wanda ya fi ƙona rai shi ne na watan Satumban 2012, lokacin da aka tsare mata maniyyata 'yan Najeriya sama da dubu a filayen jirgin Jidda da Madina bisa cewa ba su da muharrami, aka dawo da ɗaruruwa. Waɗannan ba 'yan takari ba ne. Ta hannun hukumomin alhazai na jihohi suka biya, da bizarsu a fasfo. Wasu ma da mazajensu suka tafi, amma sunan da ke fasfon matar na mahaifinta ne, bai dace da na mijin ba, kamar yadda al'adarmu take. Najeriya ta dakatar da jigila na ɗan lokaci, Shugaba Jonathan ya naɗa tawaga ƙarƙashin Kakakin Majalisar Wakilai Aminu Waziri Tambuwal, kafin a sasanta. A waɗancan kwanaki duk matar da ke jiran jirgi a sansanin Mando tambayarta ɗaya ce, ko sunanta ya yi daidai da na wanda aka rubuta mata. Bayan kimanin shekara goma Saudiyyar da kanta ta janye sharaɗin muharramin. Gwaggo, da ta riga ta tsufa ta ajiye tafiya, da na kai mata labari cewa ta yi, "To, waɗanda aka kwanar a ƙasa fa, wa zai ba su haƙuri?"

Akan ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, a ɗora komai a kan 'yan takari. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Sana'armu ma tana da nata kason. A watan Nuwamban 2023 jirgin Air Peace da ya tashi daga Legas ya biya ta Kano ya sauka Jidda da fasinja 264, aka soke bizarsu a nan take. Bayan jami'an diflomasiyyar Najeriya sun sa baki aka bar 87 suka shiga, 177 suka juyo. Ofishin jakadancin Saudiyya ya ce an ba da bayanan da ba daidai ba ne don samun nau'in bizar da bai dace da matafiyan ba. Duk wanda ya yi aiki irin nawa ya san yadda hakan ke faruwa. Bizar Umara ta yi tsada ko ta yi wuya, sai wakili ya nemo wata mai sauƙi, ta ziyara ko ta yawon buɗe ido, ya miƙa wa mutumin da ba ya karanta Larabci ko Turanci, ya ce masa duk ɗaya ne. Bizar yawon buɗe idon da Saudiyya ta buɗe ta intanet a 2019 ga ƙasashe 49, babu Najeriya a jerin. Fasinja bai san wannan ba. Shi ya sayar da shanu ko fili, shi za a tsayar a layi, wakilin kuwa yana Kaduna ko Kano ya kashe wayarsa. A ganina wanda ya karɓi kuɗi ya cike takarda shi ya kamata ya fara amsa tambaya, kuma hukumar alhazai ta NAHCON, da aka kafa a 2006 take ba kamfanoni lasisi, tana da ikon da ya fi wanda take amfani da shi.

'Yan kasuwar da suka karkata zuwa Dubai su ma ba su tsira ba. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza a watan Oktoban 2022, sai a Yulin 2024 ta dawo da ita, da sharuɗɗa masu tsauri.

Sai kuma abin da ya faru a watan Mayun 2025, wanda ya girgiza masu ganin sanayya kariya ce. Sheikh Ahmad Gumi, mai tafsiri a Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki, wanda ya yi karatun digirinsa na uku a Jami'ar Ummul Ƙura ta Makka, ya sauka Madina da bizar Hajji a hannu, aka hana shi shiga, ya dawo gida. Shi da kansa ya danganta abin da ra'ayoyinsa kan siyasar duniya. Ko mutum yana tare da Malam ko ba ya tare da shi, ɗan Malam Abubakar Gumi ne aka juyar daga teburi, ɗan mutumin da ya taɓa zama mai tarbar alhazan Najeriya a Jidda, Saudiyya kuma ta ba shi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987. A wancan makon duk wanda ya shigo ofis da wannan zance yake farawa. Wani dattijo ɗan Kawo, da bai taɓa rubuta komai a Facebook ba sai barka da Juma'a, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗana, duba ko akwai abin da ya kamata a goge."

Sana'ar Kano-Jidda ba ta mutu ba, amma ƙafarta ta ragu. 'Yar gwaggo ce ta gaji cinikin, kuma ba ta zuwa sai lokaci-lokaci, da tikitin dawowa da takardar otal da katin rigakafi a cikin ambulan guda, ba ta kuma ɗaukar ko ƙullin daddawa. Sauran shekara wata 'yar uwarta da ke aure a Jidda ke zagaya shaguna tana turo mata hotunan riguna ta WhatsApp. Ta zaɓa, ta tura kuɗi ta hannun ɗan canji, kaya su sauka Kano a jirgin dakon kaya, direba ya kawo mata tashar Kawo.